BAYANI: Yadda lissafin inuwa ya tona asirin ƙwayar cutar da ta gagari kulorokwin

A shekarar 2005 Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya yi wayo kafin lokacin ya san ɗacinsa, ya san ƙaiƙayin da yake sa wa mutane da dama, ya kuma san an yi zamanin da 'yan ƙwayoyi masu arha suke tayar da mara lafiya daga shimfiɗa cikin kwana uku. Sannu a hankali maganin ya daina ci, domin ƙwayar cutar ta sauya. A shekarar 2000 wata tawagar masana a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ciki har da David Fidock da Thomas Wellems, ta gano ƙwayar gadon da ke da alhakin hakan, aka kira furotin ɗin da take samarwa PfCRT. To amma sanin sunan ɓarawo daban, ganin fuskarsa daban. Sai a 2019 masana a Jami'ar Columbia da ke New York suka wallafa cikakkiyar siffar wannan furotin a mujallar Nature.

Babu wanda ya ɗauki hotonsa kamar yadda ake ɗaukar hoton mutum. Abin da na'ura ta bayar inuwoyi ne dusu-dusu, dubbai a kan dubbai, kowacce daga ɓangaren da ba wanda ya sani. Lissafi ne ya tattara su ya fitar da siffa. Tushen wannan lissafi kuwa ya daɗe. Ya faro daga masu nazarin gani da masu zane, ya ratsa ta wani sansanin fursunonin yaƙi a Rasha, kafin ya iso ɗakin binciken ƙwayoyin halitta.

Inda layin dogo ke haɗuwa

Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na layin dogon Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ce, tun daga Idu har Rigasa. Ba sa matsowa kusa da juna ko da taƙi ɗaya. Duk da haka, wanda ya hange su daga kan gada zai ga sun haɗu can inda ƙasa ta taɓa sama. Lissafin siffofi da aka koya mana a sakandare, wato jometirin Yuklid na Iskandariyya, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, yana goyon bayan ma'auni: layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa har abada. Akwai wani reshe na jometiri da ya ɗauki maganar ido da muhimmanci. Tambayarsa ita ce: idan aka haska siffa daga wani ɗigo zuwa kan bango, me ke lalacewa, me kuma ke tsira? A wannan rubutu za mu kira shi jometirin inuwa.

Harsashinsa na farko shi ne fahimtar cewa haske yana tafiya a miƙe daga abu zuwa ido. Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujjar wannan da gwaje-gwaje a Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11. An juya littafin zuwa Latin, ya shiga hannun Turawa, kuma a 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta wa masu zanen Italiya ƙa'idar da za su bi su sa bango shafaffe ya yi zurfi a ido. A 1639 Girard Desargues, wani injiniya ɗan birnin Lyon a Faransa, ya mayar da dabarar masu zane lissafi tsantsa. Ya ce a ƙara wa kowane layi ɗigo guda can a ƙarshen da ba a isa, a kuma yarda cewa layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa a wannan ɗigo suke haɗuwa. Kwafi kaɗan ya buga, salon rubutunsa kuma mai wuyar sha'ani ne. Blaise Pascal, yana ɗan shekara 16, ya fahimce shi ya ɗora a kai, amma yawancin masana suka wuce abinsu, littafin ya ɓata na kusan ƙarni biyu.

Wanda ya farfaɗo da fannin soja ne. Jean-Victor Poncelet injiniya ne a rundunar Napoleon da ta kutsa Rasha a 1812. A yayin ja da baya aka bar shi a fagen fama a Krasnoi, Rashawa suka kama shi, suka tasa ƙeyarsa a ƙafa cikin hunturu har garin Saratov a bakin kogin Volga. A can ya zauna daga 1813 zuwa 1814, babu littafi ko ɗaya a hannunsa. Ya sake gina abin da ya tuna na jometiri daga tushe, ya zarce inda malamansa suka tsaya. Littafin da ya fito daga wannan zama an buga shi a 1822.

Ga misali guda na abin da ke tsira daga inuwa. A ce falwaya huɗu ne a jere a gefen titi, tazararsu ɗaya, mu kira su A, B, C, D. A hoto tazarar za ta lalace, na kusa su yi nisa da juna, na nesa su cunkushe. A ce mun auna a kan hoton mun samu A a kan sifiri, B a santimita 6, C a 8, D a 9. Yanzu a ninka tazarar A zuwa C da ta B zuwa D, a raba da ninkin tazarar B zuwa C da ta A zuwa D. A kan titi, 2 sau 2 ne a raba da 1 sau 3, wato 4 bisa 3. A kan hoto, 8 sau 3 ne a raba da 2 sau 9, wato 24 bisa 18, wanda shi ma 4 bisa 3 ne. Ko daga ina mai hoto ya tsaya, wannan adadi ba ya motsi. Pappus na Iskandariyya ya san da shi tun ƙarni na 4. A yau da irin wannan lissafi ake ja layin satar gida a kan hoton talabijin a wasan ƙwallo, da shi kuma ƙungiyoyin bincike irin su Forensic Architecture ta Jami'ar Goldsmiths a Landan suke gano inda mai harbi ya tsaya daga bidiyon wayoyin shaidu. Ɗan jaridar da ke tantance hotuna yana amfani da Desargues ko bai taɓa jin sunansa ba.

Sai dai ra'ayin da muke buƙata a nan wani ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mai karatu ya ɗauki idonsa a matsayin cibiya. Duk miƙaƙƙen layin da ya ratsa ta idon, ɗigo zai gan shi, kamar wanda aka nuna wa tsinin allura saitin ido. Duk shafaffen faifan da ya ratsa ta idon, layi zai gan shi, kamar wanda ya dubi takarda ta gefenta. To faifai biyu da dukansu suka ratsa ta cibiya ɗaya ba su da yadda za su kauce wa juna, dole su gitta a kan layi guda da shi ma ya bi ta cibiyar. A harshen ido ke nan, kowane layi biyu suna haɗuwa a ɗigo ɗaya, babu togiya. Wannan ita ce ƙa'idar farko ta jometirin inuwa. A riƙe ta, za ta dawo.

Abin da ya fi ƙarfin madubin likita

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Faɗin jar ƙwayar jini kusan nanomita 7,000 zuwa 8,000 ne, madubin likita na asibiti yana ganinta sarai, har da ƙwayar maleriya a cikinta. Amma ayyukan da ke gudana cikin ƙwayar halitta furotin ne ke yin su, kuma furotin kamar himogulobin, mai ɗaukar iskar numfashi a jini, bai wuce nanomita 6 ba. Tun 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa madubin da ke aiki da hasken da ido ke gani ba zai iya bambance abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 ba. Iyakar daga hasken kansa take, gyaran gilashi ba ya kawar da ita.

Siffar furotin kuwa ita ce aikinsa, kamar yadda haƙoran makulli suke aikinsa. Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan magana. Cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita, ta samo asali daga sauyin tubali guda, na shida cikin 146 da ke sarƙa ɗaya ta himogulobin. Vernon Ingram ya gano haka a Cambridge a tsakanin 1956 da 1957. Wannan sauyi ɗaya yana sa furotin ya riƙa manne wa ɗan'uwansa ya zama dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje.

Hanyar farko ta ganin furotin ita ce a lallashe shi ya jeru ya zama kiristal, kamar gishiri ko alif, sannan a haska masa eksire a karanta yadda hasken ya watsu. Max Perutz ya fara aiki a kan himogulobin a 1937, bai ga siffarsa ba sai 1959. Hanyar ta yi wa kimiyya hidima matuƙa, amma tana da tarnaƙi: furotin da yawa ba sa yarda su jeru, musamman waɗanda ke zaune cikin fatar ƙwayar halitta suna shigar da kaya suna fitarwa, kuma su ne magunguna suka fi nema. Furotin ɗin da ke jikin ƙwayar cutar Lassa, wadda ta samo sunanta daga garin Lassa na Borno a 1969, ya ci wa Kathryn Hastie da Erica Saphire kimanin shekara goma kafin su wallafa siffarsa a 2017.

Madubin ilektiron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Berlin a 1931, ba shi da iyakar Abbe a wannan mataki. Amma hotonsa ba irin na kyamara ba ne. Ilektiron yana huda abu ya wuce, don haka abin da ke fitowa tamkar hoton ƙirji ne a asibiti, gaba da baya da tsakiya duk sun hau kan juna a shafi ɗaya. Inuwa ce, irin wadda fitilarta ke can nesa marar iyaka, daidai inda Desargues ya ajiye ɗigonsa.

Yankan lemo

Shin ana iya dawo da abu daga inuwoyinsa? Johann Radon, masanin lissafi ɗan Ostiriya, ya amsa da e a 1917, in dai an samu inuwoyin daga kowane ɓangare. Bai yi don wani amfani ba, kuma takardar ta kwanta shekaru. Allan Cormack, haifaffen Johannesburg da ya yi aiki na ɗan lokaci a asibitin Groote Schuur na Cape Town, ya sake gano lissafin da kansa ya wallafa a 1963 da 1964. Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera na'urar, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mara lafiya na farko a Landan a 1971. Na'urar CT ke nan, su biyun kuma suka raba kyautar Nobel a 1979. A ɓangaren ƙwayoyin halitta, Aaron Klug, wanda shi ma a Afirka ta Kudu ya tashi, tare da David DeRosier, sun sake gina wutsiyar wata ƙwayar bairos a Cambridge a 1968 daga hoton madubin ilektiron.

Dabararsu ta dogara ga aikin Joseph Fourier, wanda babban littafinsa ya fito a 1822, shekara ɗaya da na Poncelet. Fourier ya koyar cewa kowane zane ana iya warware shi zuwa ratsi-ratsi, wasu masu faɗi wasu sirara, wasu a tsaye wasu a karkace, kamar yadda masaƙi zai dubi zane ya faɗi irin zaren da aka haɗa. Jadawalin da ke lissafa yawan kowane ratsi shi ma siffa ce. Na hoto shafaffe faifai ne, na abu mai kauri kuma dunƙule ne kamar lemo. Ga abin mamakin: jadawalin kowace inuwa daidai yake da yanka ɗaya da wuƙa ta yi ta tsakiyar wannan lemo. Inuwa daga wani ɓangare, yanka a wata karkata. In aka tara yanka isassu, lemo ya cika, sai a juya lissafin a samu siffar abin.

A na'urar CT wannan ba shi da wuya, domin mara lafiya yana kwance, na'ura ce ke zagaya shi, kuma ta san kusurwar kowane hoto. Furotin ba ya kwanciya a inda aka ce. Dubban kwafinsa suna warwatse, kowanne ya juya yadda ya ga dama, babu wanda ya zo da takardar shaidar inda ya fuskanta. A nan ƙa'idar da muka ce a riƙe take dawowa. Duk yankan nan ta cibiya ɗaya suka bi, saboda haka kowane biyu dole su yi tarayya a layi guda. Ma'ana, a cikin jadawalin kowane hoto biyu akwai layi ɗaya da lambobinsa suka zo daidai. In an gano shi, an ɗaure hotunan biyu da juna, sai dai har yanzu ɗaya yana iya lilo a jikin ɗaya kamar ƙyauren ƙofa. Hoto na uku, da yake yana da layin tarayya da kowannensu, shi ke tsayar da ƙyauren. Tony Crowther ya yi amfani da layukan tarayya a kan ƙwayoyin bairos a farkon shekarun 1970. Boris Vainshtein da Alexander Goncharov a Mosko a 1986, da Marin van Heel a 1987, suka nuna yadda hotuna uku suke wadatarwa ga abu marar tsari na musamman. Daga 2011 Amit Singer na Jami'ar Princeton da Yoel Shkolnisky na Tel Aviv suka fito da hanyoyin warware dukkan layukan a lokaci guda, ta yadda kuskuren wasu ba zai rusa sauran ba.

Abu ɗaya ne inuwa ba ta taɓa faɗa. Inuwar hannun dama daga gaba ita ce inuwar hannun hagu daga baya. Don haka lissafin kullum amsa biyu yake bayarwa, siffa da kishiyarta ta madubi, sai masani ya duba murɗaɗɗun sassan furotin, waɗanda aka san dama suke murɗawa, ya zaɓi ta gaskiya.

Ƙanƙara da hayaniya

Lissafi ya riga na'ura shiri da shekaru masu yawa. Cikin madubin ilektiron babu iska, ruwa ƙafewa yake yi nan take, furotin da ya bushe kuwa ya lalace. In an daskarar da shi a hankali, ƙanƙara tana yin tsini ta yayyaga shi. Jacques Dubochet da Alasdair McDowall, a Heidelberg ta Jamus a farkon shekarun 1980, suka gano cewa in aka tsoma siririn ruwa cikin ruwan iskar itan mai tsananin sanyi, yana sandarewa kamar gilashi kafin ya samu sukunin yin tsini. A haka ake ajiye samfurin, a sanyin da ya kai digiri 180 ƙasa da sifiri. Daga nan hanyar ta samu sunan da masana ke kiranta da shi, cryo-EM.

Matsala ta biyu ita ce ilektiron yana ƙona abin da yake haskawa. Dole a yi amfani da kaɗan, hoton kuma ya fito cike da yayyafi, har da ƙyar ido ke gane akwai wani abu a ciki. Maganin da Joachim Frank ya yi ta ginawa tun daga 1975 shi ne tara hotuna masu kama da juna a ɗauki matsakaicinsu. Wanda ya saba da rediyo mai gajeren zango zai gane: in ana maimaita jimla ɗaya cikin hayaniya, kowane karo hayaniyar daban ce, jimlar kuwa ɗaya ce, a ƙarshe za a ji ta. Amma cinikin da tsada. Hoto 100 yana inganta tsabta sau 10 ne kawai, sai an tara 10,000 a samu sau 100.

Shekaru da dama siffofin da ake samu dunƙule-dunƙule ne, har masu aikin kiristal suka laƙaba wa fannin sunan ba'a da za a iya cewa ilimin curi. Richard Henderson na Cambridge ya yi lissafi a 1995 ya ce a ƙa'ida hanyar za ta iya kai wa ga ganin tubalan furotin, in an samu kyamara ta ƙwarai. Kyamarar ta iso a 2012 zuwa 2013. Tana ƙirga ilektiron kai-tsaye, tana ɗaukar hotuna da yawa a daƙiƙa ɗaya, don a gyara motsin da samfurin ke yi. A daidai lokacin Sjors Scheres ya saki manhajar RELION. A ƙarshen 2013 Yifan Cheng da David Julius a San Francisco suka fitar da siffar furotin ɗin da ke sa harshe jin zafin barkono, wanda ya daɗe yana ƙin zama kiristal. Dubochet da Frank da Henderson sun karɓi Nobel a 2017. A 2020 tawagogi biyu, a Cambridge da Göttingen, suka kai tsabtar kusan kashi ɗaya cikin takwas na nanomita, inda ake bambance ƙwayar zarra ɗaya da maƙwabciyarta.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma wannan fanni ya nuna cewa gani ma yana buƙatar shaida. A 2013 wata tawaga a Boston ta wallafa siffar furotin ɗin da ƙwayar HIV ke shiga jiki da shi. Henderson da van Heel da Sriram Subramaniam, kowannensu daban, suka rubuta a mujallar da ta buga aikin cewa suna shakkar akwai furotin a yawancin hotunan. Henderson ya kawo wani gwaji da aka sani a fannin: a ɗauki hotuna dubu na hayaniya zalla, a umarci kwamfuta ta juya kowanne har ya fi dacewa da hoton Albert Einstein, a ɗauki matsakaici. Fuskar Einstein za ta fito, alhali ba ta cikin ko ɗaya. Masu aikin sun kare kansu, amma siffofin da wasu ɗakunan bincike suka fitar a ƙarshen shekarar sun sha bamban da tasu. Duk ɗan jaridar da ya taɓa ganin an fara da hukunci sannan aka nemo hujjoji zai gane ciwon. Matakan da fannin ya ƙarfafa su ma sananne ne a aikinmu: a raba bayanai gida biyu a sarrafa kowanne daban a ga ko za su yarda da juna, a kuma ajiye ɗanyen hotuna a rumbun da kowa zai iya dubawa.

Abin da aka gani a jikin maleriya

Ƙwayar maleriya tana shiga jar ƙwayar jini ta cinye himogulobin a cikin wata jaka mai tsami da ke zaman tumbinta. Narkewar tana sakin wani sinadari mai guba gare ta, sai ta dunƙule shi ya zama kiristal marar illa. Kulorokwin yana taruwa a jakar ya hana dunƙulewar, gubar ta kashe ta. PfCRT ƙofa ce a bangon jakar, mai tubali 424. Siffar 2019 ta nuna rami a tsakiyarsa da ke buɗe ta cikin jaka, kuma tubali na 76 yana daidai bakin aiki a bangon ramin. A ƙwayar asali wannan tubali yana da cajin lantarki irin na maganin, don haka yana tunkuɗe shi. A ƙwayar da ta bijire an musanya shi da marar caji, sai ramin ya riƙa karɓar maganin yana fitar da shi waje. Furotin ɗin ƙarami ne ƙwarai, sai da masanan suka manna masa wani guntun garkuwar jiki don ya yi girman da za a iya gane fuskantarsa a cikin hayaniya.

Wannan ba tarihi ba ne da ya wuce. Amodayakwin, ɗaya daga magunguna biyu da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida a damina a jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar, ɗan'uwan kulorokwin ne, kuma sauye-sauyen PfCRT suna shafarsa. A kudu maso gabashin Asiya wasu sababbin sauye-sauye a wannan ƙofa sun raunana fiferakwin. An kuma tabbatar da alamun bijire wa atimisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Taswirar ramin tana ba masu sa ido damar sanin wane sauyi ne abin tsoro, wane ne ba kome. Haka nan siffar haɗakar furotin uku da ƙwayar ke buɗe jar ƙwayar jini da su, wadda masana a Melbourne suka wallafa a ƙarshen 2018, tana taimaka wa masu ƙera rigakafin RH5 da aka gwada a Nanoro ta Burkina Faso.

Annobar korona ta nuna saurin da aka kai. An saki jerin gadon ƙwayar a Janairun 2020, kafin Fabrairu ya ƙare ɗakin binciken Jason McLellan a Texas ya wallafa siffar ƙayar da take kama jiki da ita. Gyaran tubali biyu da shi da abokan aikinsa suka tsara tun 2017 a kan ƙwayar MERS, don ƙayar ta tsaya a siffarta, ya shiga rigakafin Moderna da na Pfizer. Najeriya ba ta karɓi kason farko na COVAX ba sai Maris 2021.

Su wa ke da madubin

Najeriya na ɗauke da kimanin kashi 25 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya, a alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Siffofin da muka ambata kuwa a New York da Melbourne da Kalifoniya aka fitar da su. Babban madubin da ake wannan aiki da shi miliyoyin daloli ne, yana son ɗaki marar girgiza, da wutar da ba ta ƙiftawa, da ruwan naitirojin kullum, da injiniyan da zai zo in ya lalace. Ko ƙasashe masu arziki tarayya suke yi a kansa: Birtaniya ta buɗe cibiyar ƙasa a Diamond kusa da Oxford, Amurka ta kafa guda uku a 2018, masu bincike suna neman lokaci suna aika samfuri. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da babbar na'urar hasken eksire irin ta Diamond, ko da yake tun taron Grenoble na 2015 masana ke fafutukar a gina. Shugabannin nahiyar sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike tun Shirin Legas na 1980, suka sabunta a Khartoum a 2006. Alƙaluman UNESCO ba su nuna Najeriya ta kai ko rabi ba. A ganina sayen madubi ba shi ne tambayar farko da za a yi wa TETFund da 'yan majalisa ba. Tambayar farko ita ce ɗakunan bincike nawa ne a ƙasar za su iya tace furotin su riƙe shi da sanyi har ya isa inda madubin yake. Cibiyar ACEGID da ke Ede, wadda ta fara karanta jerin gadon korona a Afirka a Maris 2020, shaida ce cewa in an zuba kuɗi a wuri ɗaya aka daure, ana ganin sakamako.

Rabin aikin kuma ba ya buƙatar madubi sam. RELION kyauta ce. Rumbun PDB, da ya fara da siffofi 7 a 1971, yanzu ya haura 200,000, kowa na iya saukewa. Manhajar AlphaFold, wadda ta koyi hasashen siffa daga wannan rumbu, ta saki hasashe sama da miliyan 200 a 2022, sai dai hasashe ba ya nuna yadda furotin ke motsi ko yadda yake a cikin ƙwayar halitta mai rai, kuma a nan tambayoyin lissafi suke a buɗe. Yaya za a raba inuwoyin furotin da ke lanƙwasa yana miƙewa, alhali kowane hoto siffa daban ya kama? In kuma ana son ganin cikin ƙwayar halitta ɗungurungum, karkata samfurin ake yi ana ɗauka, amma ba a iya wuce kimanin digiri 60 kowane gefe, don haka wani yanki na lemon nan yana zama fanko, siffar ta fito a miƙe ta gefe ɗaya. Ɗalibin lissafi a Zariya ko Kano ko Yamai yana iya shiga waɗannan tambayoyi da ɗanyen hotunan da ke rumbun EMPIAR a Ingila. Abin da zai fara cin karo da shi shi ne girmansu: tarin hotuna na gwaji ɗaya yakan kai terabait da dama, kuma sai ya sauke su kafin ya fara.